Gidajen tarihinmu su fara sayen aikin masu rai

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu, a kuma yi haƙuri da tsawon maganar, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin zane ne. A aji na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'yan sakandare riƙon fensir da haɗa launi, har na yi ritaya. Maganata a kan gidajen tarihinmu ce, da abin da suke ajiyewa, da abin da yake wucewa ta ƙofarsu kullum ba su ɗaga kai sun dube shi ba.

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai yawon buɗe ido ya san abin da ake nuna musu: takubba da masu, sulke da lifidi, ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, kuɗin wuri, tambura, hotunan sarakuna da na Turawan mulki. Ban raina ko ɗaya ba. Na sha kai yara Gidan Makama a Kano, na kai su gidan tarihin Jos da aka buɗe tun 1952 su ga tsofaffin kawunan yumɓu na Nok, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai yaro yakan fito da tunanin cewa fasaha wata aba ce da kakanni suka yi suka gama. Da wuya ya ga aikin mutumin da yake raye, wanda za a ce masa ga gidansa can a unguwa kaza, je ka gaishe shi. Rumbun da aka daina zuba wa hatsi, komai kyan gininsa, amfanin shekarun da ba a zuba ba babu shi a ciki. Jikokinmu za su zo neman abin da hannun mutanen wannan zamani ya yi, su tarar babu wanda ya ajiye.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani gida ne da na gani a Legas. Ɗana yana aiki can, da na je duba iyalinsa sai ya ɗauke ni zuwa Jami'ar Pan-Atlantic da ke Ibeju-Lekki, kan hanyar Epe, inda gidan kayan fasaha na Yemisi Shyllon yake. An buɗe shi a watan Oktoban 2019. Shi wannan Shyllon ɗan gidan sarautar Abeokuta ne, injiniya kuma lauya, wanda ya fara sayen ayyukan masu fasaha tun yana ɗalibi a Ibadan, bai daina ba har ya tara dubbai. Daga ciki ya ware guda 1,000 ya ba jami'ar, ya kuma sa kuɗinsa a ginin da kula da shi. Ginin kansa ba wani ƙawa aka yi masa ba, murabba'i ne mai launin jar ƙasa. Abin kallon yana ciki.

A gida ɗaya akwai tsofaffin kayan yumɓu da na tagulla irin waɗanda muka saba gani, amma ba a tsaya nan ba. Akwai zanen Aina Onabolu, wanda ya kafa koyar da zane a makarantun ƙasar nan, da na Ben Enwonwu da Yusuf Grillo. Akwai sassaƙar itace ta Lamidi Fakeye, akwai aikin Nike Davies-Okundaye wadda ta taso a rini da saƙa, akwai na El Anatsui, akwai na Peju Alatise da sauran waɗanda shekarunsu ba su wuce na ɗaliban da na koyar ba. Fenti a kan ƙyalle, itace, ƙarfe, zare, duwatsun ado, takarda, hoton kyamara, duk an ba su daraja ɗaya, an haska musu fitila iri ɗaya. Ba a ce wannan fasaha ce, wancan kuwa sana'ar hannu ce kawai a kai shi bayan gida ba. Mutum yana tafiya daga abin da aka gina da yumɓu ɗaruruwan shekaru da suka wuce har ya iso ga abin da aka ƙera bayan an haifi jikokinsa, igiyar ba ta tsinke ba.

Na daɗe a tsaye gaban aikin Bruce Onobrakpeya. Na koyar da sunansa shekara da shekaru daga littafi, amma gani ya kori ji. Fuskar aikin tudu ne da kwari, idan ka matsa gefe haske ya sauya sai siffofin su sauya, wasu su fito wasu su nutse. Ba za ka ce zane ba ne, ba za ka ce sassaƙa ba ce. Asalin dabarar ma ɓarna ce: a 1967 ruwan asid ya cinye masa farantin ƙarfen da yake zane a kai, ya ɗauko gam mai ƙarfi ya cike ramukan, sai ya ga abin da gam ɗin ya bari ya fi abin da ya yi niyya. Daga nan ya mai da shi hanyar aiki. Da a ce gidajen ajiya sun ƙi karɓar komai sai fenti da burushi, da wannan dabara ta mutu a ɗakinsa.

Abin da ya fi taɓa ni ma ba aikin ba ne, ɗan allon da ke gefensa ne. Kowane aiki da sunan wanda ya yi shi, da shekarar, da abin da aka yi shi da shi. Jikata da ke tare da mu tana bin allunan tana karanta sunaye da ƙarfi, har ta juyo ta ce, “Kaka, kai ina naka?” Na yi dariya, amma mahaifina ne ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ɗinkin babbar riga ce sana'arsa a cikin birnin Zariya. Na tashi ina ganinsa a zaure da sassafe, ya shimfiɗa ƙyallen a cinya, mai zane ya riga ya fitar masa da aska takwas da tambari da tawada, shi kuma yana bi da allura, ɗinki kan ɗinki, watanni kafin riga ɗaya ta tashi. Abokan sana'arsa daga nesa suke gane hannunsa, su ce wannan aikin wane ne. Yau irin waɗannan riguna suna rataye a gidajen tarihin Turai, kuma abin da akan rubuta a ƙarƙashinsu bai wuce a ce rigar Hausawa ce daga Arewacin Najeriya ba. Sunan mai zanen da na mai ɗinkin duk sun tafi. Ba na zargin Bature shi kaɗai, don mu ma ba mu rubuta ba. Har yau mata a cikin birni suna wannan ɗinki a ɗakunansu, rigar ta fita kasuwa da sunan dillali.

Kada wani ya ce ajiye aikin mai rai baƙon abu ne a wurinmu. Duk mai naira 20 a aljihu ya juya bayanta ya ga mace tana ginin tukunya. Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali. Kafin wani Bature ya san da ita, Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wato Suleja ta yanzu, ya riga ya ga tukwanenta sun fita daban, yana sayensu yana ajiyewa a gidansa. A nan Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, ya gan su a 1950. Da ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abujar, ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu yadda ta gada, tana zana musu kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, sai dai yanzu ana shafa musu sinadarin ƙyalli ana gasa su a wuta mai tsanani. Suka yi nauyin da ba mai ɗaukarsu zuwa rafi, suka koma abin kallo. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Randunanta suna Landan, suna Washinton. Ina so mai karatu ya lura da inda labarin ya faro: wani sarki ne mai ido ya sayi aikin mace mai rai, bai jira ta mutu ba, bai jira wani daga waje ya gaya masa tana da daraja ba.

Mu mutanen Zariya abin ya fi yi mana ciwo. A nan garin, a 1958, wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo, Simon Okeke da abokansu. Suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, za su ɗauki dabarar da aka koya musu su haɗa da abin da suka gada a gida. Duk wanda ya karanta tarihin zanen zamani a Afirka sai ya bi ta kan sunan Zariya. Bayansu an yi su Gani Odutokun, wanda ya rasu a 1995, ga su Farfesa Jerry Buhari da suka yaye ɗalibai ba adadi. A watan Oktoban 2025 gidan kayan fasaha na Tate Modern da ke Landan ya buɗe babban baje koli a kan fasahar zamani ta Najeriya, da ayyukan 'yan ƙungiyar Zariya da tukwanen Ladi Kwali a ciki. Mutumin Landan ya hau jirgin ƙasa ya je ya gani. Yaron Tudun Wada ko na Sabon Gari, wanda a bayan gidansu aka yi abin, sai dai ya gani a waya.

Muna ta murna ana dawo da kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Jamus ta fara miƙo nata a 2022, Holan ta dawo da guda 119 a 2025, kuma haƙƙi ne ya koma ga masu shi. Amma waɗancan da bindiga aka ɗauke su, shi ya sa muke da bakin cewa a dawo da su. Na yau da kuɗi ake saye, da rasit, da yardar mai aikin. Ranar da za mu farga muna so, babu kotun da za mu kai ƙara, kuma farashin ya wuce mu. Zanen Tutu, wata gimbiyar Ife, da Ben Enwonwu ya yi a 1974 an same shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Wane gidan tarihi ne a ƙasar nan zai iya taya wannan? Lokacin da aiki yake da araha shi ne lokacin da mai shi yake matashi yana neman kuɗin haya.

Na san abin da wasu masu karatu suke riƙe da shi a zuci, don na sha jinsa daga iyayen yara: ai wannan harkar gumaka ce da hotunan masu rai. Ba na wasa da wannan magana. Ni Musulmi ne, fatawa kuma ta malamai ce. Abin da zan iya faɗa a matsayina na malamin zane shi ne, wanda ya ɗauka fasahar zamani mutum-mutumi ce kawai bai ga yawancinta ba. Ibrahim El-Salahi na Sudan, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje aikinsa, mutanen garinsu ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma ga abin da ya tashi da shi, harafin Larabci da allo da adon da ake yi wa kayan gida, ya riƙa jan harafi yana buɗe shi har wata siffa ta fito. A 2013 Tate Modern ta yi baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar karatu a Kano ko Maiduguri, da jan tawada da kore da rawaya, ya san muna da wannan jari a ƙofar gida. Haka dagi da sauran zanen da magina suke fitarwa a fuskar soro. Wa ya ajiye allon zayyana goma na bana, da sunayen alarammomin da suka yi su?

Shi kuwa El Anatsui, ɗan Gana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, abin da duniya ta san shi da shi marafan kwalabe ne. Ana tattaro marafan kwalaben giya da aka zubar, a buɗe su, a daddake, a huda, a ɗaure su da wayar jan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, dubbai a kan dubbai, matasa da yawa suna taya shi, har su zama wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da zai rufe bangon bene. Da gangan ya zaɓi marafan, don giya tana cikin kayan da jiragen Turawa suka riƙa kawowa gaɓar teku suna musaya da bayi. Kuma ba ya tilasta yadda za a rataye aikin, kowane gida yakan naɗe shi ya sake shi yadda ya ga ya dace da bangonsa. A 2023 ayyukansa ne suka cika babban zauren Tate Modern. Abin da aka yi shi da shi a bola aka tsince shi.

Akwai kuma waɗanda aikinsu bai tsaya ga fenti da sassaƙa ba. Otobong Nkanga, wadda aka haifa a Kano a 1974, yanzu tana zaune a Antwerp ta Beljiyam, tana aiki da saƙa da duwatsu da ƙasa da sabulu da tsirrai. Tana da wani aiki a kan goro, inda take zama a gaban tebur ta ɓara goro da mai kallo suna hira a kan inda ya fito da hanyoyin da ya bi. Wa ya fi Bahaushe sanin hanyar goro, mu da kakanninmu suka yi ta zarya zuwa Gwanja? Emeka Ogboh sauti yake tarawa, kiran kwandastan motocin Legas da hayaniyar tasha, ya jera lasifika a ɗaki, ka shiga ka tsaya ka ji gari. J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu, yau gidajen tarihi na duniya suna alfahari da su. Fati Abubakar ta bi titunan Maiduguri da kyamara tun 2015 tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki, a lokacin da duniya ba ta san komai game da Borno ba sai bam. Idan shekara hamsin ta wuce aka tambayi yadda mutanen Maiduguri suka rayu a waɗannan shekaru, hotunanta za a nema.

To mu duba abin da ke gabanmu. Masu zanen bayan manyan motoci da na keke napep. Masu rubuta allon shaguna da hannu, waɗanda injin buga bana yake kashe wa kasuwa a kan idonmu. Masu ƙunshi da suke fitar da sabon zane kowace sallah, ya goge cikin mako biyu in ba a ɗauke shi hoto ba. Masu ɗinkin hula da kowace shekara sai sun ƙirƙiro sabon yayi. Marinan Ƙofar Mata, dukawa, masu sassaƙa ƙwarya, masu saƙar faifai. Fastocin finafinan Hausa na zamanin kaset, da su kansu kaset ɗin da zafi yake narkarwa a shaguna. Kiran masu talla a Kurmi da safe. Ga kuma ɗaliban sashen zane na jami'o'i da kwalejojin ilimi, waɗanda kowace shekara suke baje aikin kammala karatu, a yaba, a watse, aikin ya ƙare a bayan ɗakin karatu rana da ruwa suna dukansa. Ba cewa nake duk abin da aka yi a kwashe a kai gidan tarihi ba. Akwai mai kyau akwai tarkace, kuma aikin masana ne su zauna su tace. Amma sai an fara dubawa ake tacewa.

Ina da tsohon ɗalibi, yaro mai shiru, ɗan gidan dukawa. Yakan tsince guntayen fatar da ake zubarwa a rumfar babansa, ja da baƙi da ruwan ƙasa, ya jiƙa su ya miƙar, ya ɗinke su a kan buhu da zaren da ake ɗinkin takalmi. Ya yi wani aiki mai faɗin tabarma, taswirar unguwarsu ce kafin a rushe wani sashe a fitar da titi, kowane gida da guntun fatarsa, rijiyoyi da ƙananan maɓallai, masallaci da koren ƙyalle ɗaya tak a tsakiya. Idan ka matso kusa har warin jima kana ji. Ni na ce masa ya kai wani gidan ajiya na gwamnati. Aka karɓe mu da mutunci, jami'in ya yaba ƙwarai, sannan ya ce ba su da kason sayen sabon aiki, ko kyauta aka ba su ma ba su da takardar da za su shigar da shi, don ba kayan tarihi ba ne. Ban ga laifinsa ba, tsarin da ya tarar ke nan. Bayan 'yan watanni wani dillali daga Kudu ya saye shi. Yaron ya samu kuɗin aure, na yi masa murna. Unguwar da ya zana kuwa mutanenta ba za su taɓa ganin aikin ba.

Ba na ɓoye cewa ajiye irin waɗannan abubuwa yana da wuya, ya fi ajiye takobi wuya nesa ba kusa ba. Kowane abu da maƙiyinsa. Takarda da ƙyallen rini haske ne yake cin launinsu, don haka ba a barinsu a fitila mai ƙarfi, kuma akan sauke su su huta a duhu. Itace yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya bushe ya tsage, gara kuma tana jira. Fata tana fumfuna. Ƙarfe yana tsatsa. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Hoton kyamara da bidiyo da sauti su ma nasu ciwon daban ne: na'urar da za ta karanta su tana tsufa ta ɓace daga kasuwa, wanda ya ajiye kaset yau ya san wahalar neman rediyon da zai juya shi. Dole a riƙa kwafe su zuwa sabuwar ma'ajiya, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, kuma ɗakin da za a nuna su yana son wutar da ba ta yankewa. Aikin da ake harhaɗawa a ɗaki kuma sai an zauna da mai shi tun yana raye an rubuta yadda ake jera shi, me za a iya sauyawa in ya lalace, me ba za a taɓa ba. Wannan ma wani dalili ne na saye tun mai aikin yana nan ana iya tambayarsa. Duk wannan ilimi ne da ake koya, kuma muna da matasa masu digirin zane da na kimiyyar sinadarai suna zaune ba aiki.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita za a fara jefo mini. A dubi Tamale a arewacin Gana, garin da ba ya cikin manyan kasuwannin fasaha na duniya, garin da 'yan'uwanmu na zango suke zaune tun kaka da kakanni. Ibrahim Mahama, haifaffen garin a 1987, ya yi suna da tsofaffin buhunan koko da gawayi, yana ɗinke su yana lulluɓe manyan gine-gine a Turai. Kuɗin da ya samu bai gina otal da su ba. Ya buɗe cibiyar fasahar zamani a Tamale a 2019, ya ƙara da wani babban fili inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mai da su ajin yara. A Yamai kuma, gidan tarihin Boubou Hama da aka kafa a 1959 ya daɗe da ba maƙera da dukawa da masaƙa wuri a cikin harabarsa suna aiki mutane suna kallo. Mu da muke da attajiran da ake jin sunansu a duk Afirka, da masarautu masu ɗaruruwan shekaru, ba za a ce mun rasa mutum ɗaya irin Shyllon ko irin Sarki Sulaimanu Barau ba. Attajiranmu suna gina masallatai da makarantu da asibitoci, Allah ya saka musu. Wannan ma ilimi ne, kuma abin da ake kashewa a ƙawata zauren biki ɗaya zai sayi aikin matasa da dama.

Ba sai an jira katafaren gini ba. Ɗaki biyu masu rufi mai kyau a cikin gidan tarihin da ake da shi sun isa a fara. A kafa kwamiti ƙarami, malamin jami'a, da mai sana'ar hannu da abokan sana'arsa suka yarda da idonsa, da mace ko mata don rabin wannan aiki a hannunsu yake, da malamin addini. A ba su kaso kowace shekara, ko yaya ƙanƙantarsa, a sa a doka don kada ya tafi da tafiyar gwamna. Abin da suka saya a biya mai shi farashin gaskiya, kada a ce ya bayar don kishin jiha. A ba kowane aiki lamba, a buɗe masa rajista da suna da gari da shekara da kayan da aka yi shi da su, a ɗauki muryar mai shi yana bayani da bakinsa. Allon bayanin kuma a rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, don tsohuwar da ta zo ganin hular da jikarta ta ɗinka ta iya karantawa ko a karanta mata.

Ku ma 'yan jarida akwai naku, Malam Edita. Sashen zane na manyan makarantunmu suna baje aikin ɗalibai a ƙarshen kowane zangon karatu, kuma ƙofa a buɗe take. Ina roƙon ku tura wakili da mai ɗaukar hoto, ku ware ko rabin shafi ne a wata, ku buga hoton aiki ɗaya da sunan wanda ya yi shi da garinsu da abin da ya yi amfani da shi, ko fenti ne, ko fata, ko zare, ko waya. In wakilinku zai zo Zariya, ya neme ni ta ofishinku, zan raka shi har zaurukan masu ɗinkin riga a cikin birni.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Malamin zane mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.